Rarrafe a Gaban Suruki

Duk shekara makarantar koyon raino takan turo mana 'yan mata su yi 'yan watanni a hannunmu, kuma duk shekara sai na ji wata ta raɗa wa 'yar'uwarta, "Wannan ma aiki ne? Ai wasa da yara ne kawai." Ba na tanka musu. Nakan bari sai ranar da yara suka ɓarke da kuka lokaci guda, wannan ya ɓata wando, wancan ya gantsara wa ɗan'uwansa cizo, sannan in leƙa in ga idon mai cewa wasa ne. To, tunda wasan kuka raina, labarinsa zan ba ku, don a duk aikin nan babu abin da ya taɓa zubar mini da girma kamarsa.

Ni mutuniyar Makera ce. Maigidana a masaƙa yake aiki a Kakuri, da aka rufe masaƙun sai ya dawo gida ya zauna, tukunya ta fara kwana a kife. Wata maƙwabciyata ce ta ce mini akwai wata mata a Barnawa tana neman mai taya ta aiki. Sunanta Mama Asabe, Kirista ce daga kudancin jihar nan, ta mayar da falonta da garejinta gidan raino, ma'aikata suna ajiye mata yara da safe su ɗauka da yamma. Na je ina ji da kaina, ai na haifa na goya, me ya rage a koya mini? Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mini soso da garin sabulu, ta nuna mini inda aka jera fo ɗin yara.

Wankin fo shi ne aikina na farko, kuma na daɗe a kansa. A zubar, a ɗauraye, a cuɗa da sabulu, a watsa ruwan zafi, a kife a rana. Mama Asabe takan zo ta ɗauki ɗaya ta kai hanci, in ta ji wani abu sai ta dire mini shi a gabana in sake wankewa. Ranar da ta kama ni ina zubarwa ina kau da kai, sai ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Hajara, duba kafin ki zubar. Yaro ba shi da baki, fo ɗinsa ne zai gaya miki ko lafiya ya kwana." Tun daga ranar nake dubawa, har yau kuma ban daina ba.

Goyon ɗan da ba naki ba daban yake da goyon naki. Naki ya san warin bayanki, da kin jefa shi ya lafe. Na wata kuwa sai ya ƙage, ya turje, ya yi ta dukan kafaɗarki da kai. Sai kin ɗaura zani, kin ƙara majanyi a ƙasa don kada ya zame, kin yi ta jijjiga kina zagaya tsakar gida, ga wani a kafaɗa, ga wani yana jan bakin zaninki. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: majanyi, tabarma, filas na ruwan zafi, ƙananan cokula na roba, da kofuna da muke ɗaura wa zare kala-kala don kada na wannan ya shiga bakin wancan. Sauran kayan aikin jikinki ne, baya da gwiwa da kunne. Kunnen ne ke rarrabe kukan yunwa da na barci da na fitar haƙori, kuma shi ba a sayar da shi a kasuwa.

Iyayen yara kuwa, Allah ya ba su haƙuri, ya ba mu. Akwai mai kawo yaro jiki zafi rau, ta ɗirka masa maganin zazzaɓi a mota, ta ce miki lafiyarsa lau, sai azahar ta yi ki ga ya langaɓe. Akwai mai zuwa ɗauka bayan magariba tana ba ki labarin cunkoson gada. Akwai kuma mai miƙo miki ɗanta ta juya da sauri don kada ki ga hawayenta. Wannan ta ƙarshen ita ce ta sa ban taɓa iya yin fushi da sauran ba.

Wasa shi ne abu na ƙarshe da Mama Asabe ta koya mini, shi ne kuma ya fi ba ni wuya. Wata rana ta same ni zaune a kujera ina kallon yara suna birgima a tabarma. Ta ce, "Wanda ke kan kujera gadi yake yi, ba raino ba. Sauka." Na ce ni fa matar aure ce, uwar 'ya'ya. Ta tura ƙofa ta sa sakata, ta tattare zaninta, ta durƙusa a kan gwiwa da tafin hannu, ta saki wani kukan jaki da ya sa na kusa shiɗewa don dariya. Kafin in ankara yara sun yanyame ta, har da wani mai ƙiwa da ya kwana biyu ba ya yarda da kowa. Daga nan na sauka. A hankali wasan jakin ya dawo nawa. Yaro ya hau bayana, in riƙe ƙafarsa da hannu ɗaya, in yi rarrafe da ɗayan daga wannan bakin tabarma zuwa wancan, saura suna bina suna ihu. Doka ɗaya ce a wasan: muddin yaro yana kan bayanki, hannunki ba ya barin ƙafarsa, ko sama da ƙasa za su haɗe. Yara suka sa mini suna Inna. Amma duk shekarun nan ƙofa a rufe nake yi, daga ni sai yara sai mata 'yan'uwana. A Makera babu wanda ya san ina rarrafe, ko maigidana har ya koma ga Allah bai sani ba.

Da Mama Asabe ta tsufa ta koma gidan ɗanta a Unguwar Boro, 'yarta Madam Rahila ta karɓi gidan rainon. Zamani kuma ya juya. Iyaye suka fara tambaya kafin su ajiye yaro, "Masu kula da su suna da satifiket?" Wasu suka kwashe nasu suka kai inda aka rataye takardu a bango. Wata safiya Madam ta kira ni ofis tana sosa ƙeya. Ta ce, "Mama Hajara, abeg kada ki ji haushi. Ke kika goye ƙanena ma. Amma yanzu duk wadda za ta zauna a ɗakin yara sai da satifiket. In babu, sai dai bayan gida, wanki da girki." Ban ji haushinta ba, in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Abin da na ji shi ne kunya, wai da furfurata za a tambaye ni shaidar cewa na iya riƙe yaro.

A nan surukina ya shigo labarin. Mijin 'yata ta fari ne, wadda ko sunanta ba na kamawa, shi ma Malam zan ce masa. Malamin makaranta ne, yana kuma koyarwa a wata cibiya a Unguwar Boro inda ake horar da masu raino. Mutum ne mai kunya ƙwarai. Tun da ya auri yarinyar nan ban taɓa ganin tsakiyar idonsa ba, in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ni kuma in ja mayafi in amsa ina kallon bango. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Ta bakin matarsa ya aiko mini cewa ya samo mini gurbi. Na ce na gode, amma da sharaɗi: kada a sa ni ajin da yake koyarwa. Aka ce an ji.

Haka na zama 'yar makaranta. Duk Asabar in hau keke da jakata ta leda da littafi a ciki, ina addu'ar kada in haɗu da 'yan unguwarmu. 'Yan ajin duk sa'o'in autata ne, suna kirana Kaka. Ba zan ɓoye muku ba, na ƙaru. A can na ji cewa ɗurar da muka tashi muka ga ana yi, a toshe wa jariri hanci a zuba masa kunu, tana iya kai shi lahira. A can na koyi kwantar da jinjiri a rigingine, da yadda ake kifa yaron da abu ya shaƙe a kan hannu a bubbuga masa tsakanin kafaɗu. An ba mu 'yar tsana ta roba muna hura mata iska a baki, 'yan mata suna ƙyaƙyata dariya, ni ina yi ina istigfari. Jarabawar rubutu aka yarda na yi ta da baki, da Hausa, na kuwa ci. Saura ta aiki, wadda suke kira firaktikal, inda ake turo malami ya zo wurin aikinki ya zauna ya kalle ki da idonsa. Aka ce mini wata malama ce za ta zo. Na kwanta da zuciya ɗaya.

Ranar na yi sammako na share ɗaki, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Ina cikin jera kofuna na ji sallama, muryar Malam, wadda ko a mafarki na san ta. Malamar ta haihu, cibiyar ba ta da wani sai shi. Daga baya na ji ya roƙi shugabansu ya canza shi, aka ce babu hali. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Umma, ina kwana." Na zura hijabina har ƙasa na amsa. Madam ta kawo masa kujera, ya ƙi zama a kai, ya jawo 'yar ƙaramar kujerar yara ya takure a kanta a lungu, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, takarda a hannu.

Duk abin da ake yi a tsaye ko a zaune na yi shi. Na karɓi yara, na wanke hannu, na ba da abinci, na canza famfas. Sai aka zo kan wasa. A takardar an ce dole a ga mai raino ta sauka ƙasa daidai da yara, ta ja su wasa da jikinta da muryarta. Akwai wani yaro a lokacin, Ishaya, ɗan wata nas, bai daɗe da fara magana ba, ba ya cin abinci sai an yi masa jaki. Ya zo ya kama bakin hijabina yana ja. "Inna, jaki. Inna, jaki." Na dubi tabarma, na saci kallon lungun da Malam yake. Ku da kuka taso yanzu ba lallai ku gane ba. A wurinmu mace ko tafiya ba ta yi da sauri a gaban surukinta, balle ta tuɓe hijabi ta ɗaga ƙugu sama tana kukan dabba. Gwiwoyina suka ƙi lanƙwasuwa. Na zauna a kujera na sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da kayan sata. Ishaya ya ja, ya ja, ya fashe da kuka, saura suka taya shi. Ina jin Madam daga bakin ƙofa tana cewa, "Mama, yi mana, yi mana." Ban motsa ba har lokaci ya cika.

Ya tashi ya yi mini sallama da murya ƙasa-ƙasa ya fita. Madam ta bi shi tsakar gida, ta taga nake jin su. Ta ce, "Haba Malam! Na your mama o, uwarka ce fa. Kowa ya san ta iya. Ka cika mata kawai."

Ya ce, "Madam, na san ta iya. Amma abin da idona bai gani ba, hannuna ba zai rubuta ba. In na yi mata, gobe zan yi wa wadda ba ta iya ba."

Wannan shekarar ita ce shekarata mai muni a sana'ar nan. Madam ta ɗauki wata yarinya mai satifiket, Anti Godiya, ni kuma na koma inda na fara, gaban fo da soso. Wankin bai dame ni ba, hannuna ya san shi. Bangon ne ya dame ni. Ina tsugune a bayansa ina jin kukan kowane yaro, na san wannan yunwa ce, wancan barci ne, ba ni da ikon shiga. Iyayen da na yi wa rainon 'ya'ya biyu-uku suna ganina da bokiti sai su ce, "Inna, lafiya? Me ya faru?" In ce ƙafa ce ke damuna. Ita Godiya ba ni da abin faɗa a kanta, yarinya ce mai haƙuri, ta iya aikinta, wando take sawa ta yi birgima a gaban ko waye ba ta ji komai ba. Sai dai Ishaya ya ƙi ta. Ya rame, ya dinga zuwa jikin ƙofar baya yana leƙe ta ƙasa, ina ganin 'yan yatsunsa.

Magana kuwa ba ta kwana. Ban san wanda ya kai ta Makera ba, sai dai a wani gidan suna, ana tsakiyar cin tuwo, wata ta ɗaga murya ta ce, "Hajara, ashe boko kika shiga? An ce ma surukinki ne ya kayar da ke a jarabawa." Aka kwashe da dariya har da tafawa. Na yi yaƙe. Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Bayan kwana biyu sai ga yarinyar nan, matar Malam, ta zo mini da jaka, ido jawur, wai ba za ta zauna da mutumin da ya tozarta uwarta ba. Na ce mata, "Ɗauki jakarki. Ni ya kayar, ba ke ba. Kuma bai yi ƙarya ba." Na raka ta har bakin titi na sa ta a keke. Na dawo na rufe ɗaki, ina tunanin yau saboda gwiwata da ta ƙi lanƙwasuwa aure yana neman mutuwa.

Da shekara ta zagayo Madam ta sake kirana. Ta ce ba za ta iya ci gaba da riƙe ni a baya ba, akwai mai wanki tun da can. Ko in sake firaktikal a wannan zangon, ko mu rabu lafiya. Aka tambaya a cibiya, aka ce malamar nan ta bi mijinta wani gari, wanda ke zagayen gidajen raino na wannan ɓangaren kogin har yanzu Malam ne.

Na hau keke na tafi wurin Mama Asabe. Na same ta a gindin mangwaro tana ɓare gyaɗa, ido ya fara rauni amma bakin yana nan. Na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce, "Hajara, surukin nan naki yana da uwa?"

Na ce yana da ita.

"Yana da mata?"

Na ce ai 'yata ce.

Ta ce, "To shi ba maraya ba ne. Yaran nan kuwa daga safe zuwa yamma ke ce gare su. Ki zaɓi wanda za ki ji wa kunya." Ta miƙo mini gyaɗa ta ci gaba da ɓara.

Ranar ta biyu ya zo kamar wancan karon, ya durƙusa, ya gaishe ni, ya takure a kujerar yara. Ya rame shi ma, na lura ta gefen ido. Na yi na tsaye, na yi na zaune. Da aka zo kan wasa Ishaya bai ma zo ba, ya tsaya nesa da yatsa a baki yana kallona, ya riga ya cire rai. Wannan kallon ne ya ɗaga ni. Na ce bisimilla a zuci, na tuɓe hijabi na ninke na ajiye, don ba a rarrafe da hijabi, zai harɗe ki ku faɗi ke da yaro. Na rage daga ni sai riga da zani da ɗankwali. Na ƙara tamke zani, na sa gwiwa a tabarma, na dafa ƙasa. Na buɗe baki, da farko ba abin da ya fito sai iska. Na rufe ido na sake buɗewa, kukan jaki ya fito, irin na Mama Asabe, mai ƙarfi, har mai gadi ya leƙo.

Yara suka yo kaina. Ishaya ya ture kowa ya ɗare bayana, na cafke ƙafarsa da hannun hagu, na fara tafiya da na dama. Muna tsakiyar tabarma ya nemi abin riƙewa, ya damƙi ɗankwalina ya ja. Na ji iska ta bugi kaina. Kuma a makon nan na fara tsefe kitso ban ƙarasa ba, rabi a kitse, rabi a tsefe, fari fat kamar audugar da aka shanya. Ga ɗankwalin nan ya faɗi gabana, taku ɗaya. Hannu ɗaya yana riƙe da ƙafar yaro, ɗaya yana riƙe da ni da shi. In na saki na hagu zai sulmiyo ta ka, in na ɗaga na dama mu kife tare. Na san Malam yana kallo, dole ya kalla, abin da aka aiko shi ke nan. Hawaye suka cika mini ido har ba na ganin zanen tabarma. Na tsallake ɗankwalin na ci gaba da rarrafe, ina kuka irin na jaki, ina kuma yin nawa a ciki, yara suna ihu suna tafi, har na kai bakin tabarma na sauke shi a hankali. Godiya ce ta ruga ta yafa mini majanyi a ka, Allah ya saka mata.

Ban ɗago ba. Na ji ƙarar 'yar kujera, na ji takunsa, na ji ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Umma, ki yafe mini." Madam ta ce mini har ya kai bakin get takalminsa a hannu yake, ya manta bai sa ba.

Satifiket ya fito, Madam ta sa a gilashi ta rataye, na koma ɗakin yara. Ishaya ya ci abinci ya murmure, ya girma ya tafi nazare kamar yadda duk suke tafiya. Kada ku zaci daga nan kunyar ta wuce. Ƙaruwa ta yi. Da can ina amsa gaisuwar Malam muna ɗaki ɗaya, ina kallon bango. Tun daga ranar ko inuwarsa na hango sai in shige ƙurya in saki labule. Da Sallah daga tsakar gida yake durƙusawa, in amsa daga ciki. Gidan 'yata kuwa sai na tabbatar ya fita nake zuwa. Mutum ya ga furfurarki a tsefe, ya ji ki kina kukan jaki, da wane ido za ki dube shi?

Shi ya sa in na ji kuna cewa wasa ne kawai nakan yi shiru. Takardar za a ba ku, ku yi karatunku da kyau, akwai abin da zai ceci ran yaro a ciki. Amma akwai ranar da za ta zo, kowace da irin tata, da za a sa girmanki a gefe guda, yaro a gefe guda, kuma hannu ɗaya ne ya rage miki.

Bara yarinyar nan, matar Malam, ta haihu, namiji, bayan an daɗe ana jira. Da hutun haihuwarta ya ƙare za ta koma aiki, na ɗauka wurin mahaifiyarsa za su kai shi, tunda tana kusa da su, ko ɗaya daga cikin manyan gidajen rainon nan masu na'urar sanyi, waɗanda babu wanda Malam bai shiga ya duba ba. Wata safiyar Litinin ina goge tabarma sai na ji sallamarsa a tsakar gida. Na yi wuf na saki labulen ƙofa na maƙale a bayansa. Na ji Madam tana cewa ya kawo jaririn ta miƙa wa Godiya, ɗakin jarirai nata ne yanzu.

Ya ce, "A'a Madam. Wurin Umma na kawo shi."

Na ji ya tuɓe takalmi, na ga gwiwoyinsa sun sauka ƙasa ta ƙarƙashin labule. Ya gaishe ni, na amsa. Shi a waje, ni a ciki, jaririn ya fara ƙananan kuka. Kukan yunwa ne. Ban ɗaga labulen ba. Na zura hannuwana biyu ta gefensa, ya ɗora mini yaron a kai, ya riƙe har sai da ya ji na tallafe ƙeyarsa sannan ya saki.

Ta nan nake karɓarsa kullum da safe, ta nan nake miƙa shi da yamma.